Zabuwar Inna a Zariya

Gusau

Ranar ban jira ladan ba. Tun kafin kiran farko na tashi na yi wanka, na turara gyalena mai ruwan toka da turaren da nake sayarwa, wanda ban taɓa yarda na ƙona wa kaina ba. Zariya za ni. Ni Luba, mai lalle da turaren wuta a Sabon Garin Gusau, ban taɓa wuce Funtuwa ba, amma na san Zariya kamar ɗakina, domin rabin littattafan soyayyar da na karanta a can ake haɗuwa.

Ga abin da ya ɗaga mu. Ƙanwata Sa'a ta sami gurbin karatun likitancin dabbobi a jami'ar da ke Samaru, kuma ƙarshen mako za a rufe rajista. Baba ya yarda, Umma ta yarda, sai dai Sa'a ba tasu ba ce. Tun ranar yaye kakarmu Inna Hure ta goya ta zuwa Kwatarkwashi, a ɗakinta ta girma. Baba ya ce abin da Inna ta faɗa shi ke nan.

Inna ta kusa yarda, sai na ga ya kamata in taimaka. Na je na zauna gabanta na kwatanta mata wurin yadda na sani: furanni ko'ina, bakin ruwa mai iska, samari masu farar shadda suna buɗe wa 'yan mata ƙofar mota. Ta saurare ni har na gama.

"Awo, haka wurin yake?" in ji ta. "To ba ta zuwa."

Da ƙyar da roƙo da kukan Sa'a ta sassauto, ta kafa sharaɗi. Za ta je da ƙafarta ta gani. "Ba ni barin ɗiya ga gini," ta ce. "Mutum nika so, mai suna, mai hannu, in ɗora hannunta ga nashi in ce ga amana. In ban samu ba, motar da ta kai mu ita ka maido mu."

A tasha na biya kujera uku, na ce biyu a hanya za a ɗauka. Sammakona bai amfane ni da komai ba, don yanzu direbobi ba sa kama hanyar Funtuwa sai gari ya waye sarai motoci sun yi yawa. Na zauna a bencin mai shayi ina kallon turarena yana bin iska. Sai wajen bakwai da rabi direbanmu, wani dogo da ake kira Ɗan Tsafe, ya ce a yi bisimilla.

Kwatarkwashi

Tun daga nesa na hango su a bakin titi, ƙaton dutsen garin ya tsaya a bayansu kamar shi ma rakiya ya zo. Sa'a da akwati, Inna da kwando rufe da tsohon zane. Kwandon yana motsi.

"Inna, me ke ciki?" in ji Ɗan Tsafe.

"Zabuwa."

"To ita ma sai an biya mata."

"In ta zauna kujera sai a biya."

"A but za a sa ta."

"Kai za a sa but, ɗan nan."

Aka ƙare a kan cewa zabuwa za ta zauna a cinyata, a kan gyalen da na turara. Muna tashi Sa'a ta raɗa min a kunne: "Yaya, ta mai karɓar amana ce. Inna ta ce ba a ba da amana da hannu wofi. In kin ga zabuwar nan ta koma gida, ni ma na koma."

Na ɗaga zanen na leƙa. Ta zuba min ido ɗaya. A duk littattafan da na karanta babu jarumar da ta shiga Zariya da zabuwa a cinya.

Tsafe zuwa Funtuwa

Kafin Tsafe mun wuce shingen jami'an tsaro biyu. A na biyun wani soja ya leƙo, ya ji kuka daga kwando, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, a bar mana wannan mu yi farfesu mana."

"Tana da mai ita," in ji Inna. "Ba mu dai gan shi ba tukuna."

Daga Tsafe zuwa Yankara motar ta yi tsit, kamar yadda kowace mota ke yi a wannan tsakanin yanzu. Dawa ta yi kai hagu da dama. Muka wuce Kucheri kowa na motsa baki da addu'a, Ɗan Tsafe ya kashe rediyo ya taka mota. Zabuwa kaɗai ce ba ta san ana tsoro ba. Na lura hannun Inna yana kan gwiwar Sa'a tun daga Tsafe, bai sauka ba sai da muka hango Funtuwa.

A Funtuwa muka sauka muka ci waina da miyar taushe, Inna ta ce mai wainar ta cika yis. Ta jiƙa gero a murfin kwano ta ba zabuwa, ta tambaye ni ko na ba ta iska a hanya. Ni ba wanda ya tambaye ni ko na sha iska.

Bayan Giwa da Shika sai ga Samaru, ga katangar jami'a tana bin titi, ga babbar ƙofa. Zuciyata ta buga yadda ake rubutawa. Na juya in nuna wa Inna, na tarar ta yi barci baki buɗe.

Cikin birni

Mun sauka Kwangila bayan azahar, muka ɗauki adaidaita zuwa gidan ƙawata Maryam, wadda aure ya kawo Tudun Wada. A hanya Inna ta tambayi mai adaidaitan sunayen unguwanni, ya lissafa mata: Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada.

"Duk muna da su Gusau," ta ce. "To mi ya kawo mu?"

Da la'asar Maryam ta kai mu cikin birni. Muka shiga ta Ƙofar Doka, muka ga abin da ya saura na ganuwa, jar ƙasa mai kauri da ruwan shekaru ya lashe ta har ta zama kamar bayan raƙumi, awaki suna hawa suna sauka. Ciki kuwa lunguna ne masu ƙunci, da gidajen da aka yi wa zane a fuska, da masu ɗinkin hannu zaune a zaure, babbar riga shimfiɗe a gwiwa, allura na tafiya ba sa ko kallonta. Na tsaya ina tunanin a irin wannan lungu ne jaruma ke tuntuɓe tulunta ya fashe wani ya ce sannu. Mai babur ya danna min oda.

A tsohon masallacin Juma'a wani dattijo ya bar mu muka leƙa daga bakin ƙofa, tun da ba lokacin salla ba ne. Daga waje ba za ka ce akwai wani abu ba. Ciki sai ka ga ginshiƙan ƙasa masu kauri sun tashi sun lanƙwasa sun haɗu a sama, ga sanyi kamar cikin randa. Inna ta miƙa min kwando, ta dafa bango da tafin hannu, ta daɗe.

"Waɗanda sunka yi wanga ba su yi gaggawa ba," ta ce.

Shi ne yabo na farko da Zariya ta samu a bakinta, kuma ba ta bar shi ya daɗe ba. Da muka fito Maryam ta nuna mata dutsen Kufena can nesa, rana na faɗuwa a bayansa.

"Wanga shi ne dutsen nasu? Namu na iya goya shi."

Bayan magariba muna cin tuwo, Maryam ta ji labarin sharaɗi, ta tafa hannu. "Haba Inna, ai an gama. Ki bar min ita, ƙanwata ce, ba komai wallahi."

Sa'a ta daina tauna. Ni har na fara miƙa hannu wajen kwando.

"Ina ɗanki ƙarami?" in ji Inna. "Tun da munka dawo ban gan shi ba."

"Yana nan. Ko gidan maƙwabta. Ko ya bi yayyensa."

Inna ta sa ƙafa ta jawo kwando kusa da tabarmarta.

Samaru

Da safe muka shiga jami'a. Zan faɗi gaskiya, littattafai ba su yi ƙarya duka ba. Tituna masu faɗi, manyan itatuwa sun haɗa kai sun yi rumfa, ga wani dogon bene da sai ka ɗaga kai gyale ya zame. Ɗalibai ko'ina, amma ba wanda ke tafiyar rangwaɗa. Kowa sauri yake da takardu a hammata, wasu suna cin ƙosai a tsaye. A wani fili muka tarar da mutum-mutumi da ɗaliban zane suka sassaƙa, Inna ta tambaya ko wani ne ya mutu a wurin. A bakin ɗakin karatu, inda aka rubuta a yi shiru, zabuwa ta ga dama ta buɗe murya. Na rungume kwando na bar wurin da sauri, su biyu suka yi kamar ba su san ni ba.

A sashen su Sa'a aka nuna mana ofishin wani malami mai furfura da fara'a. Ya ba Inna kujera, ya saurare ta da ladabi.

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ɗalibai dubbai muke da su, duk amana ne a wuyanmu."

"Sunanta fa?" in ji Inna.

Ya duba takardar da ke gabansa.

Da muka fito ta ce, "Mutumin kirki ne. Amma ni ɗiya guda na kawo, shi yana ƙirga min dubbai."

A bayan ginin akwai garke. Wasu ɗalibai cikin fararen riguna sun kewaye wata saniya mai kumburin ciki, malaminsu na nuna musu inda ake dannawa. Sa'a ta manne da shingen, ta manta da mu. Bara da irin wannan ciwon saniyar Inna ta mutu, Sa'a ce ta riƙe kan saniyar har ta daina motsi. Inna ba ta kalli saniyar ba, Sa'a take kallo. Amma kwando yana hannuna har yanzu.

Daga nan na ja su zuwa bakin dam, na ce Inna ta huta. Gaskiyar magana wurin nake son gani tun ina 'yar shekara goma sha biyar. Ruwa shimfiɗe, iska na kaɗa shi, fararen balbelu a gefe. Suka zauna a inuwa, ni na matsa gaba na tsaya ina kallon nesa, na bar gefen gyalena yana tashi.

Sai ga shi. Farar shadda, hula ta zauna, agogo, makullin mota a yatsa. Ya fito daga bayan wata bishiya, ya dube ni, ya sake dubawa, ya nufo ni kai tsaye. Na gyara zaman gyalena. Na sunkuyar da kai, na shirya amsar sallama a hankali, ba da rawar jiki ba, kamar yadda ake yi.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, nawa zabuwar?"

Dariyar Inna har balbelu ta kora. "Sai da mai ita!" ta ƙwala masa. "Luba, gaya mishi kuɗin!" Mutumin ya ba da haƙuri ya wuce. Sa'a ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa. Wannan shi ne rabona da bakin ruwa, kuma ina roƙon marubuta su riƙa faɗa wa mutane abin da bai kamata a riƙe a hannu ba.

Ƙofar ɗakin kwanan mata

Azahar ta wuce, ba a sami mai hannu ba. Inna ta ce abu ɗaya ya rage, ta ga inda yarinya za ta kwana, daga nan mu nemi mota.

A bakin ƙofar, bayan wani tebur, wata mata ce zaune, gajera, mai tabarau rataye da zare, tana saƙa hular jariri. Ɗalibai na wucewa suna cewa, "Sannu Mama Rifkatu." Ba ta ɗaga kai, amma kowa sai ta kira sunanta.

Inna ta yi sallama ta sa kai.

"Baba, ina zuwa?" in ji matar.

"Ɗaki za ni gani."

"Ba a shiga sai wadda aka ba ɗaki. Kuma ba a shiga da dabba."

"Ni tsohuwa ce."

"Na gani. Ga benci."

"Daga Zamfara munka taso."

"Sannunku da hanya. Ga benci, ga ruwa."

Inna ta kwance bakin zane ta fito da goro. Matar ta ce ta gode, ba ta ci a bakin aiki. Inna ta ce ai wani babba a nan ɗan ƙanenta ne, abin da ni jikarta ban taɓa ji ba. Matar ta ce to ya zo da kansa, shi ma benci zai zauna. Na ga abu zai lalace, na matsa na yi mata jawabi mai taɓa zuciya a kan hawayen kaka da makomar yarinya. Ta saurare ni ta saman tabarau, ta ce, "Kin iya magana. Ba a shiga."

Inna ta zauna a bencin, fuska ɗaure. Sa'a ta tsuguna gefe, hawaye na sauka ba sauti. Na ce a raina shi ke nan, mun zo Zariya an kore mu a ƙofa.

Muna nan sai wata mota mai sheƙi ta tsaya, wani saurayi ya fito yana ƙamshi, irin waɗanda na kwatanta wa Inna sak. Ya jingina da tebur. "Mama, minti ɗaya kawai, saƙo zan ba ƙanwata."

"Jiya ma ƙanwarka ce, waccan doguwar. Je ka gindin bishiya, in tana son fitowa ta fito."

Ya tafi gindin bishiya. Inna ta bi shi da kallo, ta dawo da ido kan matar.

"Ke 'yar ina ce?"

"Wusasa."

"Kina da ɗiya?"

"Huɗu. Da jikoki."

"Ina ƙaraminsu yanzu?"

"Yana makaranta. Ƙarfe huɗu babansa zai ɗauko shi."

"In yarinya ta kwana da zazzaɓi cikin wanga gida, wa ka sani?"

Mama Rifkatu ta ajiye saƙa. "Baba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba zan iya ba. Ba na bin yarinya aji, ba na bin ta gari. Amma wadda ban ga wucewarta da safe ba, sai na aika an dubo ta. Wadda ta rame, sai na tambaye ta dalili."

Inna ta miƙe. Ta kama hannun Sa'a ta ja ta har gaban tebur. "Na roƙe ki da tsufa, da goro, da ƙarya, ba ki bar ni na shiga ba. Miƙo hannunki. Wagga sunanta Sa'adatu. Ba ta cin kuɓewa, kuma in tana cikin damuwa ba ta faɗi, sai dai ta yi ta wanki. Ga amana."

Matar ta dubi hannun, ta dubi Inna. Sannan ta karɓa. "Sa'adatu," ta ce. "Na ji."

"Luba, kawo zabuwa."

"A'a, Baba. Ba na karɓar kaya a bakin aiki."

"Yaushe kika tashi?"

"Sai shida."

Inna ta koma benci ta gyara zama. Sa'a ta ruga wajen rajista, ni da Inna da zabuwa muka yi gadin ƙofa tare da mai ƙofa. Kafin la'asar sun gama labarin ciwon gwiwa da tsadar barkono, Inna har ta fara taya ta korar samari. Da Mama Rifkatu ta tashi aiki muka raka ta bakin titi, Inna ta miƙa kwando.

"Ba kyauta na karɓa ba," in ji Mama Rifkatu. "Ajiya ce. Ranar da yarinyar nan ta gama, ku zo Wusasa mu ci jikokin zabuwar."

"Bar min kwandona dai," in ji Inna.

Komowa

Washegari muka bar Sa'a a gidan Maryam kafin a ba ta ɗaki. Inna ta ja Maryam gefe ta ce mata kwana kaɗan ne, kuma ta riƙa ƙirga yaran gidan da yamma, har da babbar. Sa'a ta rako mu Kwangila, a can Inna ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa Sa'a hijabi, ta ce ta riƙa cin abinci, ta shiga mota ba ta waiwaya ba.

Muka wuce Funtuwa ba ta kushe wainar kowa ba. Tsakanin Yankara da Tsafe motar ta yi tsit kamar kullum, sai na ji hannu a kan gwiwata. Kwando yana cinyarta, ba komai a ciki sai zane da 'yan gashin zabuwa.

Mun isa Kwatarkwashi kafin la'asar, na sauka na raka ta gida. Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Maryam da tuwonta, da dattijon masallaci, da matar da ta hana mu shiga. Bawan Allah mai farar shadda kuma, na yafe.

Na ɗauki jakata zan nemi motar Gusau, Inna na tsaye tsakar ɗaki tana kallon katifar Sa'a da ke naɗe a jikin bango.

"Ke," ta ce. "Littafin nan naki na ƙarya, kin taho da guda?"

Na ce akwai biyu a jaka.

"Kwana nan. Ki karanta min, ɗakin ya yi shiru." Ta zauna a bakin gado ta miƙe ƙafa. "Amma ki fara gaya min, mai farar shaddar, yana aurenta ko zabuwa yaka tambaya?"